Sallahun Hajiya a Bayan Keke

Makona na farko a Paris ba shi da daɗin faɗi, shi ya sa zan taƙaita shi. Na zo karatun aikin ruwa daga Maraɗi. Wani ɗan ƙasarmu da aka haɗa ni da shi ta waya ya yi mini alkawarin ɗaki, ya ce in jira shi a unguwar Porte de la Chapelle. Kwana biyu na yi ina jiransa da akwati a hannu. Har yau bai iso ba, kuma Allah ya isan da na yi masa ban janye ba. A rana ta uku wani dattijo ya ji ina zagin waya da Hausa a bakin tashar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya tsaya ya ce, "Samari, wa ya taɓa ka?" Shi ne Baba Malam Sha'aibu, mutumin Damagaram, tsohon direban bas. Ya tafi da ni gidansa a Montreuil. Matarsa Hajiya Zuwaira ta dube ni sama da ƙasa, ba ta tambayi ɗan wane ne ni ba, ta ce, "Shiga ka yi wanka, tuwo na kan wuta." Wata huɗu na yi ina kwana a falonsu. Na faɗi wannan ne don ku gane cewa idan Hajiya ta miƙo mini abu, ba ni da bakin cewa a'a.

Bayan shekara takwas na gama karatu, na samu aiki a wani wurin awon ruwan sha, na ajiye tumbi. Likita ya ce in motsa jiki ko sukari ya kama ni. Wani abokin aiki ya ara mini keke mai faɗin taya, irin wanda ake shiga daji da shi a kan burji da tsakuwa. Wasa-wasa abin ya shiga raina. Asabar da Lahadi sai in fita bayan gari, in dawo da taɓo har kunne, raina fes.

Amma ban taɓa bari mutanen Montreuil sun sani ba. A wurinmu keke na wanda bai kai ga sayen babur ba ne. Ƙato kamar ni, mai aikin ofis, a gan shi da ɗan wandon nan mai manne wa jiki? Da Hajiya ta gan ni a ciki da ta sa an yi mini addu'a. Duk lokacin da zan je gaishe su sai in sa kaftanina, in hau metiro kamar mutumin kirki.

Sai ga wata ƙungiyar masu keke ta shirya tafiyar kwana biyar daga Paris zuwa Lyon, a tashi Talata a isa Asabar da yamma, ba ta kwalta ba, ta gonaki da duwatsu. Kowa da kayansa a kekensa, a kwana a ɗakin taron ƙauyen da aka yada zango. Dokar guda ce mai tsanani: duk wanda ya hau mota ko jirgi, ko na taku goma ne, ya fita. Shekara guda cur na yi ina shiri. Na auna kowane tsinke da zan ɗauka, har mariƙin buroshin goge baki na yanke don rage nauyi. Ku yi dariya, ni ma yanzu ina yi.

Ran Litinin bayan la'asar na je yin sallama, don ba a tafiya ba a gaya wa manya ba. Na tarar da Hajiya a zaune ta miƙe ƙafa a kan matashi, an yi mata aiki a gwiwa sati uku da suka wuce. Muka gaisa, na tambayi jiki, sannan na ce, "Inna, gobe zan leƙa Lyon, in Allah ya yarda."

Ta ce, "Lyon?" Ta saci kallon Baba, shi kuma ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ta ja sandarta ta shiga ɗaki, ta fito tana jan wani ƙulli da aka ɗinke cikin buhu da zare mai kauri, irin ɗinkin da matanmu ke yi wa sallahun da zai shiga mota.

"Ka kai wa mutanen Lyon," ta ce. "Hannunka, hannunsu. Ba nauyi."

Mutanen Lyon ɗiyarta ce, Balkisa, wadda ta yi aure can shekara biyu da suka wuce. Ɗiyar fari ce, kuma Hajiya irin matan da can ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunanta, ba ta zancenta a gaban mutane, sai dai ta ce "waccan" ko "mutanen Lyon". Ni kuma ban tambayi abin da ke ciki ba, ba a yi wa babba haka. Ita ma ba ta tambayi a me zan tafi ba. Wa ke tambaya? Jirgin ƙasa awa biyu ne. Ita tana ganin gobe war haka saƙo ya isa, ni ina ganin Asabar ma ai rana ce.

Da na koma gida na ɗora shi a sikeli. Kilo bakwai! Na zauna ina kallon ƙullin, ina kallon guntun buroshina. Wallahi na yi tunanin kai shi gidan waya, sai na tuna ta ce hannunka, hannunsu. Na samo igiyar roba na ɗaure shi a bayan sirdi.

Talata da hantsi muka tashi daga kudancin Paris. Kekunan mutane siri-siri, nawa kamar na mai tallan gawayi. Kowa ya wuce sai ya waiwayo. Wani tsoho mai jar fuska da farin gashin baki ya matso kusa da ni ya ce da Faransanci, "Mai shago, ƙarfe nawa kake buɗewa?" Raina ya ɓaci, na ce masa in ya gaji a hanya ya zo in goya shi a kan kayan. Ya fashe da dariya har kekensa na tangaɗi. Sunansa Gérard, makiyayin shanu ne da ya bar wa 'ya'yansa gona, shekarunsa sun kusa saba'in. Daga ranar bai sake kirana da wani suna ba.

A dajin Fontainebleau muka shiga yashi, a nan na rama. Turawa na ta faɗuwa suna tura keke, ni kuwa da na koyi keke a rairayin Maraɗi na ratsa ta tsakiyarsu, nauyin Hajiya ma ya danne mini tayar baya. Na waiwayo na ce wa Gérard shago ya yi gaba.

Laraba ta fi kowace rana daɗi. Muka bi gefen wani dogon magudanin ruwa, sannan gonakin alkama da aka girbe, sannan inabi. A wani ƙauye iska ta kawo warin garke da ɗanyar ciyawa, na ji kamar ina bayan gidan kakata da damina, har ƙwalla ta zo mini ban shirya ba. Ina haɗa azahar da la'asar a gindin itace, Gérard ya tsaya nesa kaɗan ya riƙe mini keke, bai taɓa tambayar komai ba. Da yamma a ɗakin taro an dafa naman alade, wata dattijuwa cikin masu rabon abinci ta ga na ɗauki burodi da cuku kawai, ta shiga ciki ta soyo mini ƙwai huɗu, ta tsaya a kaina sai da na cinye. Ban san sunanta ba, Allah ya saka mata.

A wayata na ga Baba ya kira sau biyu. Ban mayar ba. Na san zai ce "Kana ina?", ni kuma ba na son yi masa ƙarya, ba na son faɗin gaskiya. Na ce Asabar na kira shi gaba ɗaya.

Alhamis muka shiga duwatsun Morvan, a nan ne na gane kilo bakwai ba wasa ba ne. Hawa ne ba iyaka, ka gama wannan tudun ka tarar da babansa yana jiranka. Ga ruwa yana tsuga tun safe, hanya ta koma taɓo da duwatsu masu santsi. Sau uku na sauka ina turawa, ina magana da ƙullin kamar mutum. Na ce, "Kai ko ma mene ne a cikinka, Allah ya sa mai amfani ne." Gérard ya ce in ba shi ya ɗauka mini rabin yini, na ƙi, don ni aka ba.

Bayan la'asar muna gangarowa wani tudu a cikin daji, tayar gaba ta daki dutse. Ban san yadda aka yi ba, sai ji na yi ina kwance a ciyawa, gwiwar hannu na jini. Igiya ta tsinke, ƙullin ya yi sama ya faɗo a kan wani dutse mai kaifi, ya fashe.

Gero ne ya fara tsiyaya a kan tsakuwa. Na rarrafa na toshe da hannu. Ta cikin yagar na ga sauran kayan: jar kanwa a leda, gwangwanin yaji da aka rufe bakinsa da tsumma, citta da kanumfari, sai wani tsohon zanen saƙi baƙi mai ratsin fari, an ninke shi da kyau, yana ƙamshin turaren wuta.

Ina da yayye mata uku, ba sai an gaya mini ba. Kayan jego ne. Geron kunun kanwa, yajin mai jego, zanen goyo.

Gérard ya jingine kekensa ya durƙusa, muka shiga tsince gero daga cikin tsakuwa muna zubawa a hular kwanona, ruwa na dukanmu. Ya ce, "Abincin tsuntsaye kake kai wa Lyon?" Na ce masa ya yi shiru don Allah. Da muka hau inda waya ke kamawa na kira Baba.

"Salamu alaikum, Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau. Lawali, kai ne ka ɓata haka? Ka ba da saƙon kuwa?"

"Baba, Balkisa haihuwa ta yi?"

Ya ce, "Au, ba ta gaya maka ba? Ai ba za ta faɗa ba. Ran Asabar da ta wuce, ɗiya mace. Jibi ne suna, da safe. Ni ba zan iya barin uwarku da wannan ƙafa ba, shi ya sa da ka ce Lyon muka ce Allah ne ya kawo ka. Kana ina?"

Na rufe ido na ce, "Ina cikin daji, Baba. A keke nake tafiya."

"A me?"

"A keke."

Ya yi salati, ya sake yin salati. Sannan muryarsa ta sauka, na ji ya fita daga falo ya ja ƙofa. Ya ce, "To saurara. Jiya yarinyar nan ta kira ni tana kuka. Ta ce ta haihu kwana huɗu, uwarta ko tsinke ba ta aiko ba, a waya ma barka ɗaya ta yi ta miƙa mini. Ka san ita a nan ta tashi, wannan kunyar ba ta gane mata ba, gani take ba a sonta. Na ce mata an aiko, ta ce rufa wa uwarta asiri nake. Ita kuma wannan tana zaune tun Talata tana jiran a ce an gani an gode. Yau ko abinci ba ta ci ba. Cewa take an raina abin da ta aika."

Na ce, "Baba, na ji."

Na gaya wa Gérard komai muna tura kekuna. Ya ce, "Kwana biyu suka rage, mai shago. Asabar da yamma kana Lyon. Jaririyar ba gudu za ta yi ba." Na ce sunan da safe ne. Ya ce to a aika da wani a mota. Ni ma na yi wannan tunanin. Ba zan ɓoye muku ba, haushi na ji. Haushin Hajiya da ba ta buɗe baki ta faɗa ba, haushin Balkisa, haushin gero. Shekara guda ina tashi da asuba cikin sanyi saboda duwatsun ranar ƙarshe da kowa ke ba da labarin kyansu. Amma da na duba da kyau, wanda ya ɓoye keke ni ne. Kuma ba kayan kaɗai za a kai ba, dole wanda ya ga Hajiya ta ja sanda ta shiga ɗaki ya je ya faɗa da bakinsa.

Muka yada zango a Autun. Juma'a da safe, mutane na ɗaura kaya, na je na kwance lambar da aka maƙala wa kekena na miƙa wa masu shirin. Gérard ya zo da allura da zaren da yake ɗinke buhun abincin shanu, wai ba ya tafiya ba su, ya ɗinke ƙullin tsaf. Ya ce, "Wauta ka yi, amma da matata na da rai da ta ce ka fi ni hankali." Ya daki kafaɗata ya hau kekensa. Na tsaya ina kallonsu har suka sha kwana, sannan na nufi tashar jirgin ƙasa.

Sau biyu na canza jirgi. Ta taga ina hango tuddan da ya kamata in hau, sai na juya musu baya na ci burodina. Abin mamaki, kafin mu kai Lyon zuciyata ta yi sanyi, har gyangyaɗi na yi.

Bayan azahar na ƙwanƙwasa ƙofar su Balkisa a Villeurbanne, gefen Lyon, hawa na huɗu, keke a kafaɗa. Mijinta Habu ya buɗe, ya dube ni da taɓo da wandon nan, ya ce, "Yaya Lawali, lafiya?" Bai jira amsa ba ya kawo mini jallabiya, Allah ya yi masa albarka.

Balkisa na zaune a falo da jaririya a cinya, idanunta a kumbure. Muka gaisa, na yi barka, na ajiye ƙullin a gabanta. Na ce, "Daga Inna. Tun Litinin ta ba ni. Laifina ne, a keke na zo."

Ta ce, "Baba ne ya sa ka faɗi haka."

Na ce, "Ke dai buɗe."

Habu ya farke ɗinkin. Ta dubi gero da kanwa ta ajiye su gefe. Da ta ɗago zanen sai ta tsaya. Ta shinshina shi, ta juya gefensa ta nuna wa mijinta wani wuri da aka yi wa faci da jan zare. Ta ce akwai hotonta tana 'yar wata shida a bayan uwarta a Damagaram, da wannan zanen, da wannan facin. Ba ta taɓa sanin an zo da shi Faransa ba.

Ta ce, "To me ya sa ba za ta faɗa ba, Yaya? Kalma ɗaya. Ko sau ɗaya."

Na ce, "Ba za ta iya ba, haka aka raine ta. Amma ni na ga mace da sabon ɗinki a gwiwa ta ƙi a taya ta, ta ja kilo bakwai daga ƙuryar ɗaki da hannu ɗaya. Na auna shi, kuma na hau duwatsu da shi, kar ki yi mini gardama."

Ta yi dariya da hawaye, ta ɗauki waya ta kira, ta sa kowa na ji. Hajiya ce ta ɗauka. Ba ta bi ta kan ɗiyarta ba, ni ta fara nema.

"Lawali na nan? Kai Lawali! Keke? Duk karatun nan naka a keke ya ƙare? In kuɗin jirgi ne ba ka da su ba sai ka faɗa ba?"

Na ce, "Inna, a yi haƙuri, motsa jiki ne."

"Motsa jiki! Ka zo ka share mini gida in jikin ke damunka."

Sai da ta wanke ni tas. Balkisa ta ce, "Inna, na ga saƙo. Na gode."

"To," in ji Hajiya. "A tsince geron da kyau. Akwai tukunya babba a gidan?"

Daga nan aka koma kicin. Kusan awa guda Hajiya na ba da umarni ta waya, Habu na niƙa gero a injin markaɗe, Balkisa na tsaye da jaririya a kafaɗa. Kanwa kaɗan, a jiƙa ta a tace. A dama da kauri. Ruwan wanka ya yi zafi sosai, ba irin na Turawa ba. Ban taɓa jin Hajiya ta yi magana mai tsawo haka da ɗiyarta ba, ko da yake duk zancen tukunya ne. Ni ma an zuba mini kofi guda, na sha ina hura hanci, ban damu da cewa na masu jego ba ne.

Da za a yi sallama Balkisa ta gyara murya, ta dubi mijinta, ya gyaɗa mata kai. Ta ce, "Inna, in an yi suna gobe, ina so in zo gida in ƙarasa wankan. In ba takura. Na san ƙafarki."

Na ji Baba daga nesa yana cewa, "Ke da ake magana da ke."

Hajiya ta ce, "Ɗakin a share yake tun watan jiya."

Balkisa ta kifa fuskarta a cikin zanen. Na tashi na fita baranda na ba su wuri, na zauna kusa da kekena da sauran kunun a hannu. Gwiwar hannuna na zogi, cinyoyina kamar ba nawa ba, amma na daɗe ban ji daɗin zama irin na ranar ba.